Charlotte Auerbach: Malamar da aka kora daga aji, ta gano hanyar sauya irin shuka

 

Duk macen da ta taɓa zama da faifai tana tsintar wake ta san abu biyu. Na ɗaya, iri ba ya ƙarya, in farin wake aka shuka, farin wake za a rora. Na biyu, wani lokaci a cikin kwano guda sai a tsinci ƙwaya ɗaya da ta fita daban da 'yan'uwanta, ko a launi ko a girma, alhali kuwa gona ɗaya ta haife su. Sau da yawa cakuɗa ce kawai aka samu, amma jefi-jefi irin ne da kansa ya sauya, kuma in aka shuka wannan ƙwaya, 'ya'yanta ma haka za su fito. Da irin wannan sauyi ne manoma, maza da mata, suka yi ta zaɓen iri mai kyau tun zamanin kakanni.

Matar da zan ba ku tarihinta yau, ita da abokin aikinta ne suka fara tabbatar wa duniya cewa ana iya jawo wannan sauyi da gangan ta hanyar sinadari, ba sai an zauna jiran sa'a ba. Sunanta Charlotte Auerbach, amma na kusa da ita Lotte suke ce mata, mu ma haka za mu kira ta. Malamar makaranta ce, a 1933 aka raba ta da aikinta da ƙasarta, ta je baƙuwar ƙasa ta sake farawa daga tushe.

Asalinta da karatunta

An haifi Lotte ran 14 ga watan Mayu, 1899, a wani gari mai suna Krefeld a ƙasar Jamus. Iyayenta Yahudawa ne, ita kaɗai ce kuma suka haifa. Gidansu gidan ilimi ne. Mahaifinta, Friedrich Auerbach, masanin haɗa sinadarai ne, ya yi aiki a hukumar lafiya ta gwamnati a birnin Balin. Kakanta kuwa, Leopold Auerbach, likita ne, shi ne ya gano waɗansu jijiyoyi da ke shimfiɗe a jikin hanji, waɗanda ke sa hanji ya riƙa motsi yana tura abinci. Har yau likitoci da sunansa suke kiran waɗannan jijiyoyi. To, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A Balin ta tashi, a nan ta yi makaranta. Kada ku zaci a ƙasar Turawa tun fil azal ƙofar ilimi a buɗe take ga mata. A wannan yanki na Jamus, sai a 1908 aka yarda mata su shiga jami'a sosai kamar maza, watau lokacin Lotte tana da shekara 9. Da ta gama sakandare sai ta karanta ilimin halittu da na sinadarai a jami'o'i uku, ta Balin, da ta Würzburg, da ta Freiburg. A 1924 ta ci jarrabawar gwamnati ta zama malamar sakandare. Shekara ɗaya bayan haka, a 1925, mahaifinta ya rasu, ya bar ta da mahaifiyarta.

Tana koyarwa, amma zuciyarta na wajen bincike. Saboda haka a 1928 ta shiga wata babbar cibiyar binciken halittu a Balin, a ƙarƙashin wani shehun malami mai suna Otto Mangold. Zaman bai yi daɗi ba. Malamin mutum ne mai son a bi umurninsa ba tambaya, ita kuwa tana da nata tunanin game da inda ya kamata aikin ya dosa. Da ta ga ba a ba ta damar faɗin ra'ayinta, sai ta ajiye aikin a 1929 ta koma aji, ta ci gaba da koyar da ilimin halittu a makarantun Balin. Da al'amura sun tafi yadda ta zata, da a aji za ta tsufa, da kuma ba wanda zai ji sunanta sai ɗalibanta.

Ranar da aka rufe mata ƙofar aji

A watan Janairu na 1933 Hitila ya hau mulkin Jamus. A watan Afrilu na wannan shekara gwamnatinsa ta kafa dokar korar Yahudawa daga aikin gwamnati, har da malaman makaranta. Ba wanda ya ce Lotte ba ta iya koyarwa ba, ba wanda ya kama ta da wani laifi. Asalinta kawai aka duba aka sallame ta. Mu da muke tsayawa gaban allo kullum safiya mun san nauyin wannan abu, a ce yaran da kika saba da su, kika san mai ƙoƙari da mai wasa a cikinsu, daga yau ba ki da ikon shiga wurinsu.

Mahaifiyarta ce ta ba ta shawara ta bar ƙasar tun da sauran dama. Ta bi shawarar, ta nufi Birtaniya, ta sauka a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan, inda aka karɓe ta a cibiyar binciken gadon dabbobi ta jami'ar garin, wadda wani shehun malami mai suna Crew yake shugabanta. Ga baƙon harshe, ga sanyi, ga rashin kuɗi, ga kuma shekaru sun fara ja, amma ta zauna a matsayin ɗaliba. A 1935 ta sami digirin dakta, bayan ta yi bincike a kan yadda ƙafafun wani ɗan ƙaramin ƙuda suke tsirowa.

Digirin bai kawo mata babban aiki nan da nan ba. Shekara da shekaru tana 'yan ƙananan ayyuka a cibiyar da albashi kaɗan, ta kula da kejin dabbobin gwaji, ta yi fassara, ta ɗan koyar. Matar da ta riƙe aji a babban birni ce take wannan, ba ta kuwa raina ba. A 1939 ta zama 'yar ƙasar Birtaniya, mahaifiyarta ma ta samu ta fito daga Jamus ta iske ta kafin yaƙi ya ɓarke. Waɗanda ba su samu fita ba, miliyoyinsu aka hallaka a shekarun da suka biyo baya.

Mene ne gado, yaya kuma yake sauyawa?

Kafin mu ci gaba, bari in ɗan yi bayani domin 'yan makaranta. Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wani abu kamar dogon rubutu, wanda ake gada daga uwa da uba, shi ne ke tsara launin fure, da tsawon kara, da kamannin ɗa. Masana suna kiran sassan wannan rubutu ƙwayoyin gado. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai an kwafi rubutun nan gaba ɗaya. Kun san kuwa yadda yarinya takan kwafi darasi daga allo ta yi kuskuren harafi ɗaya, gero ya koma goro. In irin wannan kuskure ya auku a cikin ƙwayar da za ta zama iri, to ya zauna ke nan, 'ya'ya da jikoki haka za su yi ta kwafarsa. Wannan shi ne sauyin gado. Yakan auku da kansa, amma da wuya ƙwarai.

A 1927 wani masani Ba'amurke mai suna Hermann Muller ya nuna cewa hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yana ninka yawan wannan sauyi a jikin ƙudaje. A 1928 wani Ba'amurken, Lewis Stadler, ya nuna haka a jikin sha'ir da masara. Daga nan masana suka shiga tambaya, shin akwai sinadarin da zai yi abin da hasken nan yake yi? Mutane da dama sun gwada, ba wanda ya kawo hujjar da kowa zai yarda da ita.

Sai ga Muller da kansa ya zo Edinbara ya zauna 'yan shekaru kafin ya koma Amurka a 1940. Haɗuwarsa da Lotte ita ce ta juya rayuwarta. Shi ya nuna mata cewa in ana son sanin yadda ƙwayar gado take, sai a nemi abin da ke sauya ta, ya kuma koya mata dabarun da ya ƙirƙiro na ƙidaya sauyin a jikin ƙudaje.

Aikin kan rufin bene

Akwai wata mummunar guba da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana ce mata iskar mastad. An fara watsa ta a fagen fama a 1917 a ƙasar Beljiyam. Tana sa fata ta yi bororo, tana makantar da ido, tana ƙone huhu. Da yaƙi na biyu ya tashi, sai gwamnatin Birtaniya ta sa masana su bincike ta, domin tsoron kada a sake amfani da ita. Wani shehun malamin ilimin magunguna a Edinbara, A. J. Clark, da wani mai bincike a sashensa, J. M. Robson, suka lura cewa ƙunar wannan guba ta yi kama da ƙunar hasken hoton ƙashi, ba ta warkewa da wuri, in ma ta warke takan sake fashewa. Suka ce to, tun da ƙunar iri ɗaya ce, wataƙila gubar ma tana taɓa gado. Wa zai gwada? Sai aka nemi Lotte.

A ƙarshen 1940 ita da Robson suka fara. Ba su da kayan kariya irin na yau. A kan rufin ginin sashen magunguna suke ɗumama gubar, tururinta ya bugi ƙudajen, har hannuwan masu aikin suka ƙone. Ƙudan da ake magana shi ne ɗan mitsitsin nan da kuke gani yana yawo a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce. Masana suna sonsa domin cikin mako biyu ya haifi 'ya'ya har sun isa haihuwa, ga shi kuma kwalba ɗaya tana ɗaukar masu yawa.

Ga yadda gwajin yake. A sa wa mazan ƙudaje gubar, a haɗa su da waɗansu mata na musamman. In sun hayayyafa, a ɗauki 'ya'ya matan, kowacce a sa ta cikin kwalbarta ita da namiji, a jira. Bisa ga dabarar Muller, duk kwalbar da aka duba aka ga ba ɗa namiji ko ɗaya a cikin jikokin, alama ce gubar ta yi wa gadon kakan mummunan sauyi. Sai kuma a yi haka da ƙudajen da ba a sa wa kome ba, domin a gwama. Aiki ne na zama wuri ɗaya, kwalba bayan kwalba, ɗaruruwa har dubbai, ana dubawa ana rubutawa. Wadda ta saba gyaran littattafan yara arba'in kowane dare ba za ta ji wannan baƙon abu ba.

A 1941 amsa ta fito fili. Sauyin gado a cikin zuriyar ƙudajen da suka shaƙi gubar ya ninka na sauran sau da yawa, ta yadda ba mai iya cewa katari ne. Muller ya aiko mata da waya daga Amurka yana taya ta murna. Amma da yake gubar sirrin soja ce, hukuma ta hana a buga labarin. Shekara biyar tana riƙe da babban abin da ta gano, ba ta da ikon shelarsa. Sai a 1946 ita da Robson suka buga shi a mujallar kimiyya mai suna Nature, a shekarar da Muller ya sami lambar Nobel. Gaskiya ta sa a ambata cewa a cikin waɗannan shekaru waɗansu ma sun kai ga irin wannan sakamako da kansu, Friedrich Oehlkers a Jamus da ya yi aiki da tsirrai, da Iosif Rapoport a Rasha da ya yi aiki da ƙudaje.

Lotte ba ta tsaya nan ba. Ta lura cewa aikin sinadari ya bambanta da na haske. Haske yakan fi kakkarya rubutun gado, a sami manyan ɓarna nan take. Sinadari kuwa ya fi yin ƙananan sauye-sauye, wani lokaci ma sauyin ba ya bayyana sai bayan ƙwayoyin jiki sun rarrabu, har a ga ƙuda ɗaya wani sashen jikinsa ya sauya wani bai sauya ba. Duk wannan ta gano shi tun kafin 1953, shekarar da aka san ainihin siffar abin da rubutun gado yake ciki.

Daga kwalbar ƙuda zuwa gonar wake

Wata za ta ce, ina ruwan tukunyarmu da ƙudaje da gubar yaƙi? Ga inda suka haɗu. Masu kyautata irin shuka ba su iya zaɓen abin da babu shi. In duk irin da ke hannunsu kusan ɗaya ne, ba mai jure cuta a ciki, to ko sun shekara ɗari suna zaɓe ba za su samu ba. Abin da Lotte ta gano ya ba su hanyar ƙara yawan bambanci a cikin iri, sa'an nan su zaɓa. Ba da iskar mastad suka ci gaba da aiki ba, domin haɗarinta. Daga wajen ƙarshen shekarun 1950 aka koma ga waɗansu sinadarai da suka fi sauƙin sarrafawa, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira EMS.

Bari in ba ku misali da wani ɗan ƙaramin koren wake da ake kira mung. Ɗan'uwan wakenmu ne na kusa, dangi ɗaya masana suka sa su, sai dai ƙwayarsa ba ta kai rabin ta namu ba. Asalinsa daga Indiya ne, can aka fi nomansa, ana kuma nomansa a Fakistan, da Sin, da Bama, har da Kenya da Tanzaniya. Matan Indiya suna ɓare shi su yi miya da shi su ci da shinkafa, a Sin kuwa akan jiƙa shi ya tsiro a ci tsiron. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa abinci ne mai gina jiki, saboda haka shi ne naman talaka a can, kamar yadda wake yake a wurinmu. Yana nuna cikin wata biyu zuwa uku, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Amma tsofaffin ire-irensa suna da matsala. Kwansonsa ba ya nuna lokaci ɗaya, sai an shiga gona roro sau biyu ko uku, wannan wahala kuwa yawanci a kan mata da yara take faɗawa. Wanda ya riga bushewa yakan fashe ya zubar da 'ya'yansa ƙasa. Ga kuma wata cuta da wani ɗan farin ƙwaro yake yaɗawa, tana mai da ganyen rawaya-rawaya, tana iya cinye amfanin gona. Daɗin daɗawa, furensa kansa yake yi wa barbara, saboda haka ire-irensa ba su cika gauraya ba, bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne.

To ga abin da masu bincike suke yi. Su ɗebi iri mai kyau su jiƙa shi a ruwa na 'yan sa'o'i. Sa'an nan su sa shi cikin ruwan da aka ɗiga wa sinadarin ɗan kaɗan, yawanci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ya ƙara 'yan sa'o'i. Su wanke shi sosai da ruwa mai gudu, su shuka. Awon nan shi ne wuyar aikin, in sinadarin ya yi yawa irin ya mutu, in ya yi kaɗan ba a ga sauyi ba. A shukar farko waɗansu ba sa tsirowa, waɗansu su fito a tsumbure, ba a kuma yin zaɓe tukuna, domin yawancin sauyin yana ɓoye. Sai an tattara 'ya'yansu an sake shukawa, a shuka ta biyu, sa'an nan abin da ke ɓoye yake bayyana.

A nan ne mai bincike zai bi kunya-kunya yana duba dubban tsirrai ɗaya bayan ɗaya. Sinadarin ba ya da ido, ba ya zaɓen inda zai taɓa, saboda haka mafi yawan sauyin ko dai ɓarna ne ko marar amfani, wani ganyensa fari fat, wani ba ya 'ya'ya. Amma a cikin dubbai akan dace da ɗaya wanda ya nuna da wuri, ko kwansonsa ya nuna tare, ko ƙwayarsa ta fi girma, ko cutar ba ta kama shi sosai ba. Shi za a ware a yi ta shukawa shekara bayan shekara, a gwada shi a gonaki dabam-dabam, har a tabbata halin ya zauna, kafin a ba manoma. Sau da yawa kuma akan haɗa shi aure da wani iri mai kyau domin a tara halayen biyu wuri ɗaya.

Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, suna riƙe da rajistar ire-iren shuka da aka samu ta hanyar jawo sauyin gado. Sun haura 3,000, akwai shinkafa, da alkama, da sha'ir, da gyaɗa, da shi wannan wake na mung, wanda masu bincike na Indiya da Fakistan suka yi aiki mai yawa a kansa. Mafi yawansu da haske aka same su, waɗanda aka samu da sinadari sun fi kaɗan, amma har yau ana amfani da hanyoyin biyu. Waken da ya iso kasuwa ba ya ɗauke da sinadarin, domin kakan kakansa aka jiƙa, aka kuma wanke. Shi sinadarin kansa kuwa guba ne mai iya jawo ciwon daji, ba ya fita daga ɗakin bincike. Kada kuma a haɗa shi da hodar nan da ake shafa wa iri kafin shuka domin kare shi daga ƙwari, ita aikinta dabam, irin da aka shafa wa ita kuma ba a dafa shi.

Ɗaya fuskar abin da ta gano

Lotte ta san cewa abin da ya sauya gadon ƙuda zai iya sauya na mutum. Daga aikinta da na ire-irenta ne aka sami wani sabon fannin ilimi, na gwada sababbin magunguna, da abubuwan da ake sa wa abinci, da maganin ƙwari, a ga ko suna taɓa gado kafin a sake su ga jama'a. Ta wannan hanya aka san cewa hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai masu wannan ɓarna. Wani abin mamaki kuma, daga dangin ita wannan gubar yaƙi ne likitoci suka sami magungunan farko na rage ciwon daji, a shekarun 1940. Ita kanta ta tsaya tsayin daka wajen ƙin makaman nukiliya, ta kuma ƙi mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, tun da ta ɗanɗani wariya a jikinta. A 1956 ta rubuta littafi da sauƙin harshe domin mutanen gari su fahimci haɗarin da hasken nukiliya yake da shi ga zuriya.

Girmamawa ta zo mata a hankali. Sai a 1947 aka ba ta cikakken matsayin malamar jami'a, tana da shekara 48. Bayan yaƙi ƙungiyar masana ta Edinbara ta ba ta wata lambar yabo ita kaɗai, ba a haɗa da Robson ba, abin ya ɓata masa rai, zumuncinsu bai koma kamar da ba. A 1957 aka zaɓe ta cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, wadda aka kafa tun 1660 amma ba ta karɓi mace ba sai a 1945. Daga 1959 ta shugabanci wani sashen bincike kan sauyin gado, a 1967 ta zama farfesa, a 1969 ta yi ritaya, a 1976 kuma aka ba ta lambar Darwin.

Ba ta yi aure ba, ba ta kuma haihu ba, amma son yara bai bar ta ba. A 1947 ta buga littafin tatsuniyoyi na yara da wani sunan aro. Ta riƙe mahaifiyarta a gidanta har rai ya yi halinsa. Ta kuma ɗauki nauyin yara maza biyu waɗanda ba ita ta haife su ba, ɗaya ɗan matar da ke zama da mahaifiyarta ne, ɗayan kuwa ɗan talakawa ne daga tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Da tsufa ya kama ta sai ta ba na farkon gidanta, ta koma gidan kula da tsofaffi. Ta rasu a Edinbara ran 17 ga watan Maris, 1994, saura wata biyu ta cika shekara 95.

'Yan'uwana, na san a cikinku akwai wadda aure ko haihuwa ko rashin hali ya katse wa karatu, tana ganin lokaci ya wuce. Lotte tana da shekara 34 ta koma kujerar ɗaliba, tana da 42 ta gano abin da ya sa ake tunawa da ita. In akwai ajin yaƙi da jahilci ko makarantar matan aure a unguwarku, ku nemi yardar maigida ku leƙa. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku yarda da masu cewa kimiyya da lissafi na maza ne. Abin da wannan mata ta yi aiki da shi, ido ne mai lura, da hannu mai tsabta, da haƙurin ƙidaya, ba ta kuma taɓa rubuta abin da ba ta gani ba. Waɗannan kuwa kuna koyonsu a gida tun ranar da aka fara ba ku faifai ku tsince wake.